Yadda zaka fasa sunayen Hindu ka gane ma'anarsu

Shekara shida kenan ina aiki a wani sito anan Jidda, kusan rabin ma'aikatan 'yan Indiya ne, wasu musulmi wasu mabiya Hindu. Da farko sunayensu nauyi suke min a baki, sai wata rana muna shan shayi wani dattijo ɗan Gujarat ya ɗauki biro ya rubuta Somnath a jikin kwali ya ja layi a tsakiya. Dabarar kenan, ka raba sunan gida biyu, kuma ka fara da wutsiyar.

Mafi yawansu daga Sanskrit suka fito, tsohon yaren littattafansu. In kaji suna ya ƙare da nath to ubangida ake nufi. Soma wata ne na sama, Somnath kenan ubangidan wata, sunan wani ɗakin bauta ne dake bakin teku a jihar Gujarat. Jagannath, abin bautar da ɗakinsa ke garin Puri, jagat duniya ce, ubangidan duniya kenan. Wanda yafi burge ni Badrinath, wani ɗakin bauta can cikin duwatsun Himalaya, ashe badri magarya ce, wannan dai magaryar tamu da muke tsinka muna yara, a labarinsu wai ita ta yiwa Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, inuwa yana zaune yana bauta.

Wutsiya ta biyu ita ce ish ko ishwar, tana komawa esh in an haɗa, itama shugaba ko ubangiji take nufi a wajensu. Ganesh, abin bautarsu mai kan giwan nan da zaka gani a fuskar wayar wasunsu, gana ne da ish, shugaban runduna. Mahesh kuma maha babba, laƙabin Shiva ne, wani babban abin bautarsu. Garin Rameshwaram dake jihar Tamil Nadu ka raba shi, Rama, shima abin bautarsu ne, da ishwar.

In babu wutsiya to sau da yawa siffa ce kawai, Krishna baƙi, Meenakshi abar bautarsu ta garin Madurai mai ido irin na kifi. Shi ɗakin bautar a arewacin Indiya mandir suke cewa, Tamilawan kudu su ce kovil.

Abinda yasa na damu na rubuta shine gidajenmu. Mun tashi da kallon fim ɗin Indiya, daga Kano har unguwar Karantina ta nan Jidda, sai kaga an laƙabawa yarinya sunan jaruma don yayi daɗi a kunne, babu wanda ya tambaya. Lakshmi sunan abar bautarsu ce ta dukiya, devi kuwa allahiya take nufi kai tsaye. Sai das, wannan bawa ne kamar yadda Abdul yake a wajenmu, don haka Ramdas bawan Rama kenan, kaga musulmi bai kamata ya ɗauka ba ko da wasa. Ka tambayi mai sunan cikin mutunci, wallahi ni dai duk wanda na tambaya da fara'a ya amsa min, shi dattijon nan ma har tambayata yayi ma'anar Ɗanladi.