Yadda ake ziyartar fadar Peterhof da maɓuɓɓugan ruwanta

Wanda zai taso daga Yamai don ganin Peterhof, fadar sarakunan Rasha da ke kusa da birnin San Fitasbag, ya fara duba wata kafin ya sayi tikitin jirgi. Maɓuɓɓugan suna aiki ne daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba kawai. Da sanyi ya kama ana tsayar da ruwan don kada ƙanƙara ta fasa bututu, wanda ya je a Disamba gumaka zai tarar a bushe.

Biza dole ce. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Istambul, a sauka filin jirgin Pulkovo na San Fitasbag. Katin Visa ko Mastercard na bankunanmu ba ya aiki a Rasha tun 2022, sefa kuma ba a canza ta a can. A riƙe yuro ko dala, sababbin takardu marasa yagewa, a canza su zuwa rubul a banki.

Fadar tana wajen kilomita 30 yamma da birnin, a bakin teku. Jirgin ruwan nan mai gudu, Meteor, yana tashi kusa da gidan tarihi na Hermitage, minti 30 zuwa 40 ya kai ka ƙasan lambun. Ya fi tsada, kuma in iska ta tada teku sai a soke shi. Mai lallaɓa aljihu ya shiga jirgin ƙasa a tashar Baltiski zuwa Novi Peterhof, ya ƙarasa da bas.

A isa kafin ƙarfe 11 na safe. Lokacin ne ake sakin babbar gangarar ruwan da ke gaban fada, da kiɗa, maɓuɓɓuga 64 tsakanin gumaka masu ruwan zinariya. A gindinta gunkin Samson yake, ya wage bakin zaki da hannu biyu, ruwa na tsartuwa daga maƙogwaron zakin sama wajen mita 20. Tunawa ce da nasarar Rasha kan Suwidin a Poltaba a 1709. Gunkin na asali ya ɓace lokacin mamayar Jamus a yaƙin duniya na biyu, wannan an kafa shi a 1947. Duk wannan ruwa babu injin da ke tura shi. Tun zamanin sarki Bitrus Mai Girma, wanda ya buɗe wurin a 1723, daga tuddan Ropsha ruwan ke gangarowa ta magudanai ya taru a tafkunan lambun sama, nauyinsa ya cilla shi, kamar yadda shato ke ba unguwa ruwa.

Tikitin lambu dabam, na fada dabam, kuma wanda ya fita lambun sai ya sake saye. Ran Litinin fadar a rufe take. In lokaci ya ƙure, a haƙura da ɗakunan, layinsu na cin sa'o'i, ruwan kuwa shi aka zo gani.

Wajen ƙaramar fadar Monplezir akwai maɓuɓɓugan tsokana: benci ne da ƴan duwatsu a gabansa, kana ratsawa ruwa ya feso maka ta ko'ina. A sa waya da fasfo cikin leda. A tafi da rigar sanyi ko a Yuli ne, iskar tekun ta fi ta hunturun Tawa cizo in tufa ta jiƙe.