Darasi na Tara: Karanta Gwangwani Kafin a Biya Kuɗi

Ranar Asabar wata ɗalibarmu ta shigo aji da tumatirin gwangwani iri biyu da ta saya a babban kanti. Ta ce, "Malama, duka jajaye ne, duka da hoton tumatir. Wanne ya fi?"

Hoton gaba talla ne. Juya gwangwanin, labarin yana baya.

Fara da kwanan wata. Nemi haruffa EXP ko BB, masu nuna lokacin da wa'adin kayan zai ƙare, daga nan sai lambobi. In kin ga 08/2027, ma'anarsa watan takwas, wato Agusta, shekarar 2027. Idan lokacin ya wuce, kada ki saya, ko da an karya kuɗinsa. Sai lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna a Najeriya. Kayan waje ma sai sun yi rajista da ita.

Yanzu jerin abin da aka zuba a ciki. Nan nake so ku natsu, domin nan ne aka fi cutar mai saye. Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. Na farkon da ta kawo, tumatir ne da gishiri kawai. Na biyun kuwa akwai sitaci da sukari da kala. Yawancin markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin yake zuwa cikin manyan duro, wani kuma a nan gida ake ɗura shi. Sunan Turawa a jiki ba shaidar kyau ba ne.

Mun ɗebi cokali ɗaya daga kowanne muka dama a kofin ruwan ɗumi. Na farko ya yi ja mai duhu da ɗan tsami irin na tumatir. Na biyu ya yi zaƙi-zaƙi, yana danƙo a cokali kamar koko.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, kada a ci, kada a ɗanɗana.

Aikin gida

A ce leda mai giram 70 naira 200 ce, gwangwani mai giram 210 kuma naira 540. Leda nawa za ta cika gwangwani ɗaya? Naira nawa aka rage?

Ku zo da gwangwani ko leda ɗaya daga madafinku mako mai zuwa, kowa zai karanta mana kwanan watan da ke jiki.