Yadda Za Ka Juya wa Hayaniya Baya da Eriyar Zobe

Mai rediyon sha'awa (wanda ke magana da wasu ta rediyo don nishaɗi) da ke zaune cikin gari, a zangon mita 40 da 80 na gajeren zango ba ƙarancin sigina ne ke damunsa ba, hayaniya ce. Inbatar sola, cajar waya mai arha, ƙwan LED, janaretan maƙwabci, duk suna zuba shuuu a kan muryar da kake nema. Ƙara tsawon eriya ba ya magani, don tana ƙaro sigina da hayaniya tare. Ni shawarata, ka ware eriya ta sauraro daban, wadda ke da ɓangaren da ba ta ji.

Kafin ka sayi komai, kashe wutar gidanka gaba ɗaya, ka ɗora rediyon a kan batir. In hayaniyar ta faɗi, ɓarawon na cikin gida ne, sai ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya. In tana nan, daga waje take, nan ne eriyar zobe za ta yi amfani.

Samo bututun jan ƙarfe mai tsawon mita 3 da 'yan kai, ka lanƙwasa shi ya zama zobe mai faɗin mita 1. A bakin da ƙarshensa biyu suka haɗu, ka sa kafasita mai juyawa irin ta tsohon rediyo, mai kai wa pikofarad (pF) 365. Wannan zai kama megahaz 7, wato zangon mita 40. Don mita 80 sai ka ƙara kafasita. A ɗaya gefen, ta ciki, ka ɗaura ƙaramin zobe mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na babban, shi za ka jona da wayar koaks da ke kai sigina ga rediyo. Kusa da eriyar ka naɗa koaks ɗin a zoben ferayit (ɗan zoben da ke tare hayaniya a jikin waya), in ba haka ba ita kanta wayar za ta kwaso ƙarar gidan.

Tsayar da babban zoben a tsaye kan sandar katako, nesa da bango. Kurmancinsa, ɓangaren da ba ya ji, yana ta fuskarsa, wato ta inda za ka leƙa ramin. Ka juya shi a hankali ƙwarai har hayaniyar ta faɗi, idonka na kan allurar S mai nuna ƙarfin sigina a rediyo, don wurin siriri ne, ɗan motsi kaɗan ka wuce shi. Kowane mataki na S desibel 6 ne, saukar mataki uku kuwa ta isa ta fito da tashar da ta nutse. Siginar ma za ta yi ƙasa da ta babbar eriyarka, kada hakan ya dame ka, abin nema shi ne ka fahimci magana.

Amma tsawar damina ba ta da alƙibla ɗaya, zobe ba zai kawar da ita ba. Mai gona ya gwada eriyar Beverage, wadda Harold Beverage ya fito da ita a Amurka wajen 1921: doguwar waya mai tsawon zango ɗaya (mita 40 ko 80) ko fiye, mita 2 daga ƙasa, ƙarshenta da resista wajen om 450 zuwa ƙasa, tana fuskantar inda kake son ji. Ko wacce ka haɗa, ta sauraro ce kawai. In ka yi magana ta cikinta, kafasitar ko resistar za ta ƙone.