Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa dunƙulen gyaɗa mai ƙara kuzari

Wannan abin ci da ake haɗawa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, zuma, dabino da hatsin ot irin na Quaker, a danne shi a tire a yanka dogo-dogo, ɗan uwan dakuwa ne, sai dai shi ba ya buƙatar turmi. Haɗinsa ba shi da wuya, amma sau da yawa a kan gama a ga ya ƙi kama jikinsa, ko kuma ya yi taurin da haƙori ba zai iya da shi ba.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne soya gyaɗa ba tare da an tsince ta ba. Ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko fumfuna ta kama ta, tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da wannan guba, saboda haka zubar da ita ne kawai gyara. A baza gyaɗar a faifai, a bi ta ƙwaya-ƙwaya a cikin haske, sannan a soya da wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, har sai jan ɓawon ya riƙa saki da an murza shi da yatsu. Wadda ta ƙone kuwa, babu zumar da za ta rufe ɗacinta.

Rugujewa ita ce ƙorafin da aka fi ji, kuma a ganina nan ne ya kamata a fi tsayawa. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, kuma wannan man tare da danƙon zuma su ne ke riƙe hatsin. Wanda ya sayo tunkuzar da aka riga aka matse manta don yin ƙuli-ƙuli, ya sayo abin da ba zai riƙe komai ba, sai ya mayar mata da man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu. Haka nan man da ke tasowa a saman markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake sayarwa a kwalba ba na tsiyayewa ba ne, juya shi ake yi ya koma ciki. Ma'aunin da ya dace a fara da shi shi ne kofi 2 na ot, kofi 1 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da rabin kofi na zuma. Kafin a juye a tire, a damƙi kaɗan a tafin hannu: idan ya dunƙule har shatin yatsu ya fito, ya yi, idan ya warwatse, a ƙara gyaɗa, idan yana maƙalewa a hannu, a ƙara ot. Kada a kuskura a sassauta shi da ruwa, domin damshi ne ke jawo fumfuna cikin 'yan kwanaki. Ko dabinon da aka jiƙa don ya yi laushi, sai an tsane shi sosai kafin a markaɗa.

Tauri kuma daga wuta yake zuwa. Ɗumama zuma da gyaɗa ake yi su narke su haɗu, ba tafasa su ba, don idan zumar ta tafasa ta daɗe, da ta huce sai ta ƙame kamar alawa.

Akwai kuma gaggawa wajen dannewa da yanka. A shimfiɗa takardar gasa kek a tiren, a danne haɗin da ƙasan kofi da ƙarfi har kusurwoyi su cika, a sa a firji na awa 2, sannan a yanka da wuƙa mai kaifi a danna ɗaya, ba a riƙa goga ta gaba da baya ba. Kada a manta da ɗan gishiri, domin idan babu shi zaƙin yana saurin gundurar mutum.

A ajiye shi a mazubi mai murfi cikin firji, a cinye cikin mako guda. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, musamman lokacin bazara, gara a yi kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana biyu ko uku. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba abin da ke da zuma, kuma kafin a miƙa wa yaro ko baƙo, a tambaya ko jikinsa na ƙin gyaɗa, domin ga wasu mutane ko ɗan gutsure yana iya kumbura musu maƙogwaro ya toshe numfashi.