Yadda ake zaɓar bim ɗin ƙarfe da ba zai murɗe ba

Sababbin injiniyoyin da nake duba aikinsu kusan duk sun iya lissafin nauyi, sun iya buɗe teburin girman bim su zaɓi bim. Inda suke faɗuwa gaba yake da nan, don haka matakan farko zan bi su da sauri.

Da farko ka tattara nauyi. Akwai na dindindin, wato dekin kankare, siminti, silin da nauyin ƙarfen kansa, wanda ya kai kilo 7,850 a kowace mita kubik. Akwai kuma mai zuwa ya tafi, wato mutane da kayansu. Idan da Eurocode, ƙa'idar lissafin gini ta Turai, kake aiki, ka ninka na farko da 1.35, na biyu da 1.5. A tsohuwar ƙa'idar Birtaniya, BS 5950, kuwa 1.4 ne da 1.6. Ka kama ƙa'ida ɗaya ka bi ta har ƙarshe. Haɗa su a lissafi ɗaya ganganci ne.

Mu ɗauki bim mai tsawon mita 6, zaune a kan ginshiƙai biyu. Nauyin dindindin 10 kN (kilonewton) a kowace mita, ɗayan kuma 8. Bayan ninkawa da lambobin Eurocode, jimlarsu ta zama 25.5 kN a kowace mita. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa shi a tsakiya shi ne wL²/8 (w nauyin kowace mita, L tsawon bim), wato kusan 115 kNm. Da ƙarfen S275, mai iya jure 275 N/mm² kafin ya saki, kana buƙatar Wpl, wato ma'aunin yadda siffar bim ke jure lanƙwasa, na kusan 417 cm³. Ka duba tebur, IPE 270, bim mai siffar harafin I, yana da 484, yana iya ɗaukar kusan 133 kNm. A takarda ya isa har da rara.

To, a nan ka dakata.

Wannan 133 ɗin yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: cewa leɓen sama na bim ɗin, wato faffaɗan ƙarfen da ke kwance a samansa, a kame yake, ba zai iya gocewa gefe ba. Idan nauyi ya sauka, leɓen ƙasa miƙewa yake yi, na sama kuwa matsewa. Duk ƙarfe siriri mai tsawo da aka matse hanyar kaucewa yake nema. Ka tsayar da rular roba a kan gefenta ka danna tsakiya, za ka ga ba ta karye ba, sai dai ta karkace ta kwanta. Haka bim yake yi: sama ya goce, jikin ya murɗe, tun ƙarfen bai kai ko kusa da iyakarsa ba.

Wannan IPE 270 ɗin, idan babu abin da ya kama leɓensa na sama a duk tsawon mita 6, abin da zai iya ɗauka yana sauka zuwa kusan rabi. Kai kuma 115 kake nema. Ka ga bim ɗin da ya ci jarrabawa ɗazu yanzu ya faɗi.

Saboda haka ka ɗauki zanen ka tambayi kanka, me ya riƙe leɓen sama, kuma a ina? Dekin kankare da aka ɗaure da bim ɗin yana riƙe shi. Ƙananan bim da aka haɗa kusa da leɓen sama suna riƙe shi, muddin su ma suna da inda suka dafa, kamar tokare mai gicciye ko bango mai ƙwari. Bim biyu da aka ɗaure da juna kawai suna iya karkacewa tare. Kwanon rufi siriri kuwa ni ba na lissafa shi ko kaɗan, kuma ina ba ka shawara kada ka yi.

Abu biyu ne ake yawan mantawa. Na farko, ranar zuba kankare: ɗanye ne, nauyinsa yana kan bim ɗin amma bai riƙe komai ba tukuna. Dole ka yi wa wannan ranar lissafinta daban. Na biyu, iska. A rufi mara nauyi iska kan ɗaga shi sama, sai leɓen ƙasa ya koma shi ne a matse, alhali duk tokaren a sama aka sa. Haka abin yake a kan ginshiƙin tsakiya idan bim ya zarce, da kuma bim mai leƙowa waje. Manhaja ba za ta gano maka wannan ba. Idan ka gaya mata a kame yake, ta yarda.

Wajen gyara, ƙara tokare a tsakiya ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan sayen bim mai nauyi. Inda tokare ba zai yiwu ba, ka koma bim mai faɗin leɓe irin HEA, ko mai siffar akwati.

Daga nan ka duba lotsawa da nauyin da ba a ninka ba. A misalinmu 8 kN a kowace mita yana ba da lotsawar kusan milimita 11, iyakar kuwa tsawo raba 360 ce, kusan milimita 17, don haka ya ci jarrabawa. Kada ka ce za ka magance lotsawa da S355, ƙarfen da ya fi S275 ƙarfi. Taurinsu ɗaya ne da S275, 210,000 N/mm². Zurfin bim ne magani.

Sai mahaɗa. Ƙusar ɗauri (bolt) ta M20, wato mai kaurin milimita 20, mai lamba 8.8, ramin milimita 22 take so, kuma daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe kada ya gaza faɗin ramin sau 1.2. Ka rubuta girman walda a zane, kada ka bar wa mai walda ya ƙiyasta. Duk canjin da aka kawo daga wajen ƙira, komai ƙanƙantarsa, ka sake lissafa shi. A 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, canjin yadda aka rataye hanyoyin tafiya na sama ya ninka nauyin da ke kan mahaɗa, suka rufto, mutum 114 suka rasu.

Ka nuna irin fentin hana tsatsa da kariyar gobara a zanen, sannan ka kai wa injiniya mai rajista ya duba lissafin ya sa hannu kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.