Yadda Ake Karatun Darasin Kasuwanci a Shekarun Ƙarshe na Sakandare

Ɗalibai da dama suna ɗaukar darasin kasuwanci da zaton aikin hadda ne kawai. Ranar jarrabawa kuma sai a miƙo musu labarin wani kamfani da jadawalin alƙaluma, a ce su ba mai kamfanin shawara. Hadda ba ta fitar da mutum a nan. Abin da ake aunawa shi ne ko za ka iya ɗora abin da ka koya a kan kamfanin da ke gabanka, ka yanke hukunci, ka kuma kare shi.

Mataki na farko: samo manhajar tun makon farko

Kowace hukumar jarrabawa tana da tata manhaja, kuma daga cikinta ake tsara tambayoyi. Duk da bambancinsu, yawanci batutuwan ba sa wuce kashi biyar: nau'o'in kasuwanci da yadda ake mallakarsu, talla da sayarwa, kula da ma'aikata, samar da kaya, da harkar kuɗi. Rubuta su, ka sa wa kowane batu alama: na iya, na ɗan iya, ban iya ba. Ka kuma ware ƙaramin littafi na kalmomi a harshen da za ka rubuta jarrabawar, kowace kalma da ma'anarta cikin layi ɗaya da misali ɗaya. Ma'anar da ba ka iya kawo mata misali, ba ka gane ta ba tukuna.

Mataki na biyu: kama lissafin da wuri

Nan ne aka fi zubar da maki, alhali lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba. Fara da gano adadin da za a sayar a tashi ba riba ba faɗuwa. Kuɗin da kasuwanci ke kashewa iri biyu ne. Akwai tsayayye, kamar haya da albashi, wanda sai an biya shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuma mai bin yawan kaya, kamar kayan haɗi da kwalin zubawa.

A ce tsayayyen kuɗi 60,000 ne a wata, ana sayar da kowane guda 500, haɗa shi kuma yana cin 300. Kowane guda ke nan yana barin 200. Raba 60,000 da 200, ka samu 300. Sai an sayar da guda 300 kafin a fara maganar riba, idan kuma aka sayar da 400 ribar ita ce 20,000. Yanzu a rage farashi zuwa 450 don jawo masu saye. Abin da guda ke bari ya koma 150, adadin da ake bukata ya tashi zuwa 400. Ragin kashi 10 cikin ɗari ya jawo sai an ƙara kashi ɗaya bisa uku na ciniki kafin a koma inda ake. Shi ya sa ɗalibin da ya rubuta "a rage farashi" ba tare da ya buga wannan lissafin ba yake samun maki kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba 60,000 da 500, wato a manta cewa kayan ma da kuɗi aka haɗa su.

Sai tarkon kason riba. Ka sayi abu 80 ka sayar 100, ribarka 20. Idan an auna ta da kuɗin saye, kashi 25 ce. Idan da kuɗin sayarwa, kashi 20. Duka biyun daidai ne, amma tambaya ɗaya take nema, don haka duba da me aka ce a auna.

Riba kuma daban, kuɗi a hannu daban. Kamfanin da ya ba da kaya bashi na kwana 60, shi kuma mai kawo masa kaya yana son kuɗinsa cikin kwana 30, zai iya kasa biyan albashi duk da ribar da ke rubuce a takarda. A jadawalin shige da ficen kuɗi, watan da kuɗin suka shigo ake rubuta su, ba watan da aka yi cinikin ba. Idan manhajarku ta haɗa da ajiye littafin kuɗi, riƙe ƙa'idar nan: kadarori daidai suke da jari haɗe da basussuka, kuma kowace hulɗa sau biyu ake shigar da ita, sau ɗaya a kowane ɗayan ɓangarori biyu na littafin. Tsari ne tsoho, don tun 1494 Luca Pacioli ya bayyana shi a Italiya kamar yadda fatake suke aiki da shi. In ɓangarorin biyu suka ƙi daidaita, raba bambancin da biyu ka nemi wannan adadin, sau da yawa an sa shi ne a ɓangaren da ba nasa ba.

Mataki na uku: zaɓi kasuwanci biyu na gwaji

Ɗaya ƙarami mai mutum ɗaya, ɗaya babba mai masu hannun jari. Duk abin da aka koyar a aji, gwada shi a kansu. Za ka ga dalilin da bashin na farko zai iya cin dukiyar mai shi, na biyu kuwa asarar mai hannun jari ba ta wuce abin da ya zuba. Haka za ka yi da ginshiƙai huɗu na talla da Jerome McCarthy ya tsara a 1960: kaya, farashi, wurin sayarwa da tallatawa. Haka da ra'ayin Frederick Taylor na biyan ma'aikaci gwargwadon abin da ya samar, da na Frederick Herzberg da ya ce albashi yana kawar da ƙorafi ne, amma ƙwazo daga aikin kansa da yabo yake zuwa. Sanin sunayen ba ya kawo maki sosai, sai ka iya faɗin wanne ya fi dacewa da masana'anta, wanne da ofis.

Mataki na huɗu: koyi gina amsa

Kalmar farko ta tambaya ita ke faɗa maka tsawon amsa. "Ambata" layi ɗaya ne. "Bayyana" na son dalili. "Yi nazari" na son sarƙa: za a yi kaza, hakan zai jawo kaza, wanda zai shafi riba ta hanya kaza. "Ba da shawara" na son ɓangare biyu sannan hukunci, tare da faɗin abin da hukuncin ya dogara a kai. Ga gwaji mai sauƙi: rufe sunan kamfanin a amsarka. Idan amsar za ta zauna wa kowane kamfani a duniya, ba ka yi amfani da labarin da aka ba ka ba. Koma ka ɗauko alƙalumansa da irin kayansa ka saƙa a ciki.

Mataki na biyar: yi tsofaffin tambayoyi da agogo

Raba mintunan jarrabawa da jimillar maki. Takarda mai maki 80 cikin minti 90 na nufin minti ɗaya ga kowane maki, goma kuma na karanta labarin. Kada ka ba tambaya mai maki 2 shafi guda. A lissafi, rubuta ƙa'idar da kowane mataki, domin masu duba takarda sukan ba da makin hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Bayan kowane gwaji, rubuta dalilin kowane makin da ya kuɓuce maka, rashin sani ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko ƙarewar lokaci, ka sa wanda ya fi yawa a gaba a karatun mako mai zuwa.