Yadda ake ɗaukar tarihin haihuwar mace ba tare da an zubar da 'ya'yan da suka rasu ba

Binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa mace a Najeriya kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaici, kuma yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai wa shekara biyar. Waɗannan alƙaluma ba daga asibiti suka fito ba. Daga bakin mata 'yan shekara 15 zuwa 49 aka ɗauko su, a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya. Na sha fita da sababbin masu tambaya, ɗalibai da 'yan aikin wucin gadi, kuma kusan wuri ɗaya suke faɗuwa. Da ke nake magana, mai riƙe da takarda, domin a gidajenmu mace ce za ta iya shiga har ɗaki. Batun sallama da mai unguwa da neman iznin maigida ba sai na koya miki ba.

Ki fara da shekarun matar, amma kada ki tsaya a kan amsar farko. Za ta ce talatin, ko talatin da biyar, ko arba'in. Kowa haka yake cewa, shi ya sa idan aka zana shekarun ƙauye guda sai su fito kamar haƙoran zarto. Kafin ki fita, ki rubuta jerin abubuwan da mutanen wurin ba sa mantawa: sanƙarau na 1996, rasuwar Abacha a 1998, ƙidayar 2006 da husufin ranar da ya biyo bayanta a watan Maris ɗin nan, rasuwar 'Yar'aduwa a 2010, kullen korona a 2020. Ki ƙara da na garin, kamar naɗin hakimi ko gobarar kasuwa. Sai ki ce, "Yaya, lokacin da aka yi ƙidaya an yi miki aure?" Ni na fi son a bi ta ɗan fari: shekarunsa, da tazarar tarewa da haihuwarsa, da shekarunta lokacin tarewa. Tarewa na ce, ba ɗaurin aure ba, don wani lokaci akwai watanni tsakaninsu.

Yanzu ga inda ake ɓata aiki. Kada ki taɓa buɗe baki da "'ya'yanki nawa?" Wata za ta ce ba a ƙirga 'ya'ya. Wata za ta ba ki adadin waɗanda ke cin tuwo a gidan, har da 'yar riƙo da ɗan kishiya, ta bar nata da ke hannun kakarsa. Ki raba tambayar: maza nawa da mata nawa kika haifa da cikinki da ke tare da ke a nan, nawa ke wani wuri, nawa Allah ya yi wa rasuwa. A "wani wuri" ki ambato mata su da kanki, wanda ya tafi almajiranci, wadda aka aurar, wanda ke gidan tsohon miji. Ɗan fari kuwa kada ki nace sai ta faɗi sunansa. Alkunya ce, kuma idan kika matsa za ta tsallake shi gaba ɗaya. Ki karɓi laƙabin da take kiransa da shi, ki wuce.

Bayan haka ki jera su daga na fari zuwa auta, kowa da layinsa, da mai rai da wanda ya rasu. Tagwaye layi biyu ne ko da ɗaya bai kwana ba.

Jaririn da ya koma kafin suna shi ne ya fi ɓacewa. Ba shi da suna, ba a yanka masa rago ba, kuma uwar ta daɗe da binne zancensa. Idan kika ce "akwai wanda ya rasu?" za ta faɗi wanda ya yi wayo ta bar wannan. Akwai wata shekara da muka yi mako biyu a wata ƙaramar hukuma, ina duba takardu ina murna mace-macen jarirai sun yi ƙasa. Ashe mai tambaya ɗaya ce ke jin nauyin zancen, da ta ga fuskar uwa ta canja sai ta juya shafi. Sai da muka koma gidajen nan duka, da kuɗin motar da ba ya cikin kasafi. Tun daga nan nake sa kowa ta haddace jimla ɗaya ta faɗe ta yadda take: "Inna, ki yi haƙuri da tambayar nan, akwai wanda kika haifa ya yi kuka ko ya motsa, sannan ya koma, ko da awa ɗaya ya yi?" Ki faɗa, ki yi shiru, ki jira. Idan ta amsa, ki yi masa addu'a kafin ki taɓa biro. Kukan da motsin su ne ke raba wanda ya zo da rai da wanda ya zo babu rai, su kuma duka daban suke da ɓari. Mace kan kira ukun da kalma ɗaya, ke ce za ki rarrabe.

Tazara ma tana tona abin da aka ɓoye. Matar da ke haihuwa duk shekara biyu ko uku, kika ga giɓin shekara biyar tsakanin yara biyu, ki tambaya me ya faru a tsakani. Wataƙila zawarci ta yi, wataƙila maigida ya daɗe a ci-rani, wataƙila kuma akwai wanda ba ta faɗa ba. Sunaye na taimakawa: in kin ji Gambo, ina tagwayen da ya biyo?

Sai shekarun yaro lokacin da ya rasu. Ƙa'idar ita ce a rubuta da kwanaki in bai kai wata ba, da watanni in bai kai shekara biyu ba, daga nan a koma shekaru. "Shekara ɗaya" ba amsa ba ce, kada ki karɓa. Ɗan wata goma sha ɗaya yana shiga lissafin mace-macen jarirai, ɗan wata goma sha uku ba ya shiga, kuma iyaye duka biyun "shekara ɗaya" suke cewa. Ki tambaya: ya fara zama? Yana rarrafe? Ya yi haƙori? An yaye shi? Azumi nawa ya gani? Da damina aka haife shi ko da kaka? A kwanakin farko kuma, suna da arba'in su ne ma'auninki: kafin suna ko bayansa, kina wankan jego ko kin gama. Ki tuna watannin Musulunci suna ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka ki riƙe kalandar da ta haɗa biyun. Ta bangon masallaci ma ta isa, ba sai an saya ba. Katin rigakafi ko takardar haihuwa, in akwai, ta fi bakin kowa.

Wata zambar kuma daga wajenmu take. Yaran da aka haifa cikin shekara biyar da suka wuce suna da ƙarin shafuka, na awo da rigakafi da shayarwa. Mai tambayar da rana ta daka sai ta mayar da ɗan shekara huɗu da rabi ɗan shida, ta huta. Wannan yana rage yawan haihuwar da za a lissafa. Mai duba aiki ya ƙirga haihuwar kowace shekara ga kowace mai tambaya. In shekarar da ke bakin iyakar shekara biyar ɗin ta rame, wadda ta gabace ta ta yi ƙiba, an gane.

Dubawa da daddare ake yi, a ranar, ba bayan an bar gari ba. Jimillar layuka ta zo daidai da adadin da ta faɗa da farko. Da wuya a sami yara biyu da tazarar ƙasa da wata tara sai tagwaye. In takardun sun taru, maza su kusa 105 a kan kowace mace 100. In maza sun yi rinjaye sosai, ana zubar da 'yan matan da suka rasu.

Lissafin matsakaicin 'ya'yan da mace kan haifa, irin 5.3 ɗin nan, ba shi da wuya. Raba matan gida bakwai na shekara biyar-biyar, daga 15 zuwa 19 har 45 zuwa 49. A kowane gida raba haihuwar shekara da yawan matan, tara bakwai ɗin, ninka da biyar. In tarihin bai cika ba sai adadin waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu kawai, a koma ga hanyar kiyasta mace-macen yara ta William Brass, masanin ƙididdigar jama'a, amma a ajiye amsar 'yan 15 zuwa 19 gefe, ta kan yi sama fiye da kima.